Azarar Ɗakin Baba

Duk wanda ya gaida mahaifina ya ce masa ina kwana, yaya gida, amsa ɗaya yake samu: "Muna kan hanya." Tun ina ƙarama nake jin ta, har na ɗauka haka kowa yake amsa gaisuwa. Sai ranar da na ba malamarmu wannan amsa a makaranta, aji ya kwashe da dariya, sannan na gane tsofaffin ƙauyenmu ne kaɗai suke faɗinta.

A goye aka shigo da Baba ƙasar nan. Kakana ya taso daga yamma da iyalinsa da niyyar Makka, suna tafe suna tsayawa noman damina, har suka iso bakin kogi, kudu da Mai Wurno. Nan ƙarfinsa ya ƙare. Kafin ya cika ya kama hannun ɗansa ya ce masa ya ƙarasa, ya bar masa farin harami a cikin akwatin kwano. Mutanenmu na da suna da ƙa'ida a kan mai irin wannan niyya. Ba ya gini da jan bulo, ba ya dasa itacen da sai an yi shekaru ana jiran 'ya'yansa, ba ya kuma buɗe baki ya ce ya zauna. Matafiyi ne da ya sauka ya huta. Wasu sun huta har sun ga jikokin jikoki. Yawancin sa'o'in Baba sun saki ƙa'idar tun da daɗewa, sun yi gini, sun dasa mangwaro. Shi ya riƙe ta, ya kuma riƙe gidanmu duka da ita.

Yana saurayi aka jawo reshen layin dogo daga wajen Sinnar aka yi kudu da shi. Da kansa ya yi dakon tsakuwar da aka shimfiɗa ƙarfen a kai. Layin ya bi ta bayan dangarmu, aka kafa tasha a gefen ƙauye, mu muna ce mata mahatta kamar yadda Larabawa suke faɗa. Ɗaki biyu ne na jan bulo da rumfar kwano, da tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, da itacen dogon yaro guda. Shugaban tashar, wanda ake kira nazir, yana da tuta ja da tuta kore da ciki kamar randa. Baba yakan ce hanya ce ta biyo shi har gida. Daga ƙofarsa zuwa Sinnar, daga Sinnar zuwa bakin teku, sai jirgin ruwa.

Na ga tashar nan tana raye. In jirgi ya tsaya sai ka ce ranar kasuwa. Inna, mahaifiyata, tana soya ƙosai a gindin dogon yaro, wasu mata na sayar da shayi da dafaffen ƙwai, maza na kaɗa hayaƙin agashe, tsiren ƙasar nan, yana shiga tagogi yana tayar wa fasinja da yunwa. Ana loda riɗi da dawa da auduga. Mu yara muna bin taragai muna miƙa gyaɗa. Yanzu in ka je wurin sai harsashin gini da kututturen itacen, da awaki.

Za ka ce to me ya hana shi tafiya tun jirgi yana zuwa? Mu muka hana shi. Shekarar da auduga ta yi kyau Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Shekarar da ya sayar da bijimi, Yaya, babban wanmu, ya tashi da maganar aure. Wata shekara ya je neman takardun tafiya aka ce ya kawo shaidar inda aka haifi kakansa. Wata shekara ƙanenmu ya samu makaranta a birni, wata kuma kayan ɗakina ne. Duk kaka sai ya sauko da akwatin, ya shanya haramin a rana don kada asu ya ci, ya ninke ya mayar, ya ce baɗi.

Jirgin kuwa ya fara ja da baya. Mai zuwa kullum ya koma na mako, na mako ya koma na kaya kawai. Aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka kwashe riɗin, ƙananan bas suka kwashe mutanen. Wata damina ruwa ya cinye gadar wani rafi a can gaba, aka ce za a gyara. Ranar da nazir ya ɗora gadajensa a mota zai bar mu, ya riƙe hannun Baba ya ce masa gatar zai dawo bayan kaka in Allah ya so, kuma wurin zaman Baba a ciki yana nan. Gatar shi ne jirgin ƙasa a bakinmu. Magana ce irin ta mai tafiya da ba ya son a rabu baram-baram. Baba ya ɗauke ta alkawari.

A shekarun nan ne idonsa ya tafi, a hankali, har ya rufe gaba ɗaya. Ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, abincinsa da wankinsa suka dawo hannuna. Kullum da hantsi yakan fita ta wata kafa a danga, ya hau tudun tsakuwa, sandarsa ta nemo ƙarfen. Daga nan ba ya bukatar kowa. Yana tafe yana ƙwanƙwasa shi, ƙwan, ƙwan, har tasha. Ya zauna a dakali, ya ɗora gindin sandar a kan ƙarfen, ya kara kanta a kunnensa, ya yi shiru. Ya ce haka suke jin jirgi tun yana nesa lokacin da suke aikin layi. In rana ta take ya biyo ƙarfen ya dawo.

Na taɓa ce masa, "Baba, ai yanzu mota aka bi, wasu ma jirgin sama. Mi za ka yi da gatar?"

Ya ce, "Mota sai da mai ja na, ɗiyata. Gona tana hannun yayanki, abin da tab bada shina hannunai. In nic ce ya kai ni, sai ya ce baɗi, ni ik koya mai. Gatar ko ni ka kai kaina. In hau, in zamna, Musulmi su miƙa ni hannu da hannu."

Ban sake yi masa maganar mota ba. Na gane ƙarfen nan shi ne hanya ɗaya da ta rage masa a duniya wadda ba sai ya roƙi 'ya'yansa ba.

Mutanen ƙauye kuwa suka shiga cin tashar kamar gara. Ƙofofi suka fara tafiya, sai tagogi, sai kwanon rumfa. Aka wayi gari tanki ya sauka daga ƙafafunsa. In Baba ya ji rana tana dukansa inda da inuwa take, ya tambaya, sai a ce masa an ɗauke kwanon ne za a kawo sabo. Ya ce madalla, ashe gyaran ya kankama. Yara suka sa masa suna Alhajin Mahatta. Manya ma, masu gemu, in sun wuce sai su ce, "Alhaji, yau gatar ya yi latti?" suna ƙifta wa juna ido a gaban makaho. Na jefi yara da takalmi ba sau ɗaya ba. Manyan kuwa na riƙe su a ciki, har yau akwai waɗanda ban zuwa sunan gidansu.

Yaya a lokacin ya zama ɗan kasuwar hatsi, yana zama da manyan 'yan kasuwa a Abu Hujar, yana amsa wa 'ya'yansa da Larabci ko sun yi masa Hausa. Abin da ke cin ransa shi ne in ya yi baƙi sai dai ya shimfiɗa musu tabarma a rumfar kara. Wata rana bayan la'asar ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Baba, nan anka haihe mu, nan munka haihi ɗiyanmu. Kullum ana ce muna baƙi, mu ko muna kwana cikin ciyawa awa masu jiran a kore su. Ka bari in yi gini."

Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Ni ma an tambaye ni daga ina nake a layin asibiti, cikin garin da aka binne uwata.

Baba ya ce, "In na tahi ku gina har bene."

Yaya ya ce, "Yaushe?"

Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Yaya ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa ya fita.

Damina ta faɗi, zazzaɓi ya kwantar da Baba har ba ya iya zuwa bayan gida da kansa. A daidai lokacin aka aiko daga Hasahisa cewa 'yata ta kusa haihuwa, cikin fari, ba kowa a wurinta. Na rasa inda zan sa kaina. Yaya ya ce in tafi, shi da matarsa suna nan, ubansa ne shi ma. Har bakin kwalta ya raka ni. Ranar ce kaɗai a rayuwata Yaya ya ɗaukar mini jaka.

Sai da jego ya yi nisa, ruwa ya ɗauke, sannan na dawo. Tun daga ƙofar gida na hango shi, jan ɗaki mai kusurwa huɗu a tsakiyar gida, daidai inda ɗakin Baba na laka da jinka yake. Ashe suna ganin bayana suka mai da Baba ɗakina, suka ce masa jinkarsa tana yoyo za a sake ta. Suka rushe, suka yi ginin da suke so.

Na shiga. Na rantse ban taɓa ganin wayo irin wanda aka zuba a ɗakin nan ba. An yaɓe bangon ciki da laka iyakar inda hannun mutum zai kai. An jibge buhunan dawa a kowace kusurwa don kada ya lalubo lungu ya gane ɗakin ba zagayayye ba ne. An rataya zana a ƙofa, an soka damin ciyawa a sama don ƙamshi. Rufin na katako ne da tabarmi da ƙasa, ba kwanon da zai yi ƙara. Baba yana kwance a gadonsa na igiya, ya rame, yana murmushi don ya ji muryata. Na ɗaga kai. Abin da ya ɗauki rufin duka, daga bango zuwa bango, daidai saman ƙirjinsa, ƙarfen jirgi ne. An shafa masa koren fenti.

Na fito na tarar da Yaya a tsakar gida yana jirana. Ban buɗe baki ba ya ce, "Kowa ya ɗiba. Masu shaguna sun ɗiba, mai injin niƙa ya ɗiba. Ni kaɗai za ni tsaya kallo?"

Na ce, "Ka san abin da kac cire kuwa?"

Ya ce, "Ƙarhe nic cire. In kin ga dama shiga ki hwaɗa mai. In ya mutu ke kik kashe shi, shi ke nan."

Matarsa tana tankaɗe a gefe, ta sunkuyar da kai tana dariya. Na faɗa masa maganganu ranar nan, waɗanda ƙanwa ba ta faɗa wa wa. Ya bari na gama, sannan ya tuna mini cewa ni bazawara ce, kuma dawarsa nake tuƙawa. Ƙanenmu da ke birni, da na aika masa, ya ce ai ci gaba ne.

Da na dawo da hannuna kan abincinsa Baba ya fara murmurewa. Wata safiya ya ce in miƙo masa sanda. Na bi shi a baya. Kafar danga tana nan. Ya hau tudun da ƙyar, ya miƙa sandar inda ta saba samun ƙarfe, ta sauka a tsakuwa. Ya matsa dama ya gwada, ya matsa hagu. Ya ci gaba har ya gangara ɗaya gefen, ya dawo. Daga nan ya durƙusa, tsoho mai farin gemu, yana shafa ƙasa da tafin hannu. Katakon da ke ƙarƙashin ƙarfen ma an kwashe, an yi girki da shi.

Yaya ya zo ya tsaya a kansa. Da murya mai taushi ya ce, "Baba, ka ɓace hanya. Layi na can gaba. Zazzaɓin ga ya taɓa maka kai, taho mu koma."

Ya kama hannunsa ya mai da shi ɗaki. Baba ya zauna a bakin gado yana haki. Ya ce mini, "Na ruɗe, ɗiyata. Hanyar da nib bi tun ba a haihe ki ba."

Na ce, "Ba ka ruɗe ba, Baba."

Ya ce, "To ina ƙarhen?"

Ƙarfen yana saman kanmu, mu biyu. Na tashi na ɗauko masa ruwa.

Bai daddara ba. Gobe ya sake fita, jibi ma haka. Kullum ya hau tudun, ya nema, ya rasa, a dawo da shi ana gaya masa kansa ne. Ya fara yarda. Ya koma tambayata ko ya yi sallar azahar, shi da bai taɓa mantuwa ba. In ya ƙirga carbi sai ya sake, wai kada ya yi kuskure. Mutumin da zazzaɓi bai iya da shi ba, 'ya'yansa suka zauna suna kwance masa hankali da hannu.

Ranar da ta fi yi mini ciwo, na je ɗiban ruwa na dawo ban same shi ba. Na jiyo shewa daga filin bayan gari. Yara ne suka samo guntun ƙarfe da dutse. Ɗaya ya tsaya can ya ƙwanƙwasa, Baba ya juya da sauri ya nufi ƙarar da sandarsa a gaba, fuskarsa duk murna. In ya kusa sai yaron ya ruga wani gefe ya sake bugawa. Haka suke ta kewaya fili da shi. A inuwar shago kuwa ga iyayensu suna shan gahawa, wani har yana riƙe ciki. Na ajiye tulu na kama wanda ke riƙe da ƙarfen, na yi masa dukan da uwarsa ta kai ƙarata wurin dattawa. Da nake jan Baba zuwa gida sai ya ce, "Kin ji? Shina nan kusa. Na ji shi da kunnena."

Abin da ya kawo ƙarshen wannan wasa zanzaro ne. Wata rana da tsakar rana Baba yana kishingiɗe, ni ina tsince wake a bakin ƙofa, zanzaro yana ta shiga da fita da laka yana gina ɗakinsa a saman gadon. Baba ya tsani ƙugin nan. Ya ce, "Wanga kuma gini shikai bisa kaina, bai tambaye ni ba." Ya lalubo sandarsa, ya saurari inda ƙugin yake, ya kai duka sama.

Ƙwan.

Wake ya zube daga cinyata. Baba ya tsaya da sandar a sama. Ya sake bugawa, a hankali wannan karon. Ya matsa gaba kaɗan ya buga, ya ƙara matsawa ya buga, yana bin ƙarfen kamar yadda ya saba, har sandar ta kai bango. Sannan ya tashi zaune, ya tokare ƙarfen da gindin sanda, ya kara kanta a kunne. Ya daɗe a haka. Da ya sauke ta sai ya miƙa hannu bango ya sa farce yana karce lakar, tana zubowa a kan gado, har yatsansa ya taɓa gefen bulo.

Ya ce, "Kira mini yayanki."

Yaya ya shigo yana sakace, ya ga bangon, ya dube ni. Na ce masa ba ni ba ce, zanzaro ne.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ce, "Ashe ban ruɗe ba."

Yaya ya ci gaba da sakacensa.

Baba ya ce, "Abu guda za ka hwaɗa mini. Na wane gehe kunka cire? Na kudu ko na arewa?"

Na gane abin da yake nema. In na kudu ne, hanyar Sinnar tana nan, jirgi zai iya zuwa tasha ya ɗauke shi ya koma. Ƙarya ɗaya ce ta rage, bayan duk waɗanda aka yi masa, kuma ita kaɗai ce da zai amfana da ita. Na zuba wa Yaya ido ina roƙonsa da fuska.

Yaya ya cire tsinken daga bakinsa ya ce, "Na arewa, Baba. Shi yaf fi kusa da inda amalanke ka tsayawa. Na kudun ma babu, an kwashe dut."

Baba ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini sandar ya ce in jingine ta a waje. Ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Da la'asar na kawo masa kunu ya sha. Na tambaye shi ko in mai da shi ɗakina, ya ce in bar shi, duk ɗaya ne. Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi Yaya ranar nan ba, kuma ƙin bai tafi ba har yanzu da nake rubutun nan.

Washegari da hantsi, lokacin da ya saba fita, wani tsohon maƙwabcinmu ya shigo duba shi. Yaya yana zaune a ƙofar sabon ɗakin da butar gahawa, don tun da asiri ya tonu ya sa an cire zanar an kwashe buhunan. Maƙwabcin ya tsuguna a bakin gado ya ce, "Ina kwana, Malam? Yaya gida?"

Baba ya ce, "Muna nan."

Tsohon ya ɗago ya dube ni, don shi ma da ƙa'idar ya tashi, ya san abin da ya ji. Yaya kuwa ya tsiyaya gahawa a finjali ya miƙa wa baƙon, fuskarsa a sake.

Ya ce, "Ka ji? Alhamdu lillahi, hankalinai ya komo."